George Gabriel Stokes: Malamin da ya sa ido ya ga ɓoyayyen haske

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sa takardar kuɗi a ƙarƙashin 'yar fitilar nan mai shuɗin haske, ya ga wasu alamomi sun taso suna ƙyalli, to ya ci moriyar ilimin wani mutum da ya rasu fiye da shekara 120 da suka wuce, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. Haka ma'aikacin asibitin da ke neman ƙwayar cutar tarin fuka a cikin kakin majiyyaci, haka shi ma ma'aikacin gwamnatin da ke duba fayil a ƙarƙashin doguwar farar fitilar ofis. Sunan mutumin George Gabriel Stokes, haifaffen ƙasar Ayilan, shehun malamin lissafi a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Shi ne a shekarar 1852 ya gano sirrin wannan ƙyalli, ya kuma raɗa masa sunan da masana ke kiransa da shi har gobe, wato fuloresans.

A yau akwai tarukan ƙasa da ƙasa da ba su da abin tattaunawa sai wannan ƙyalli da amfaninsa. Ɗaya daga cikinsu an fara shi a birnin Graz na ƙasar Ostiriya a 1989, yana kuma zagaya biranen Turai kusan duk bayan shekara biyu. Wani kuma an sha yin sa a tsibiran Hawai na Amurka don tunawa da Gregorio Weber, ɗan Ajantina wanda ya shigar da wannan fanni cikin binciken sinadaran jikin halitta. Masana kimiyyar sinadarai da likitoci da masu ƙera na'urori kan yi kwanaki suna musayar bayanai a irin waɗannan taruka. Abin mamakin shi ne, wanda ya buɗe musu wannan ƙofa mutum ne da ya yi suna wajen shiru, wanda kan zauna a taron cin abinci daga farko har ƙarshe ba a ji ya furta jimla uku ba.

An haifi Stokes ranar 13 ga Agusta, 1819, a ƙauyen Skreen da ke gundumar Sligo, a gaɓar tekun Atilantika ta yammacin Ayilan. Mahaifinsa, Gabriel Stokes, limamin cocin ƙauyen ne, mahaifiyarsa Elizabeth Haughton ita ma 'yar limamin coci ce, kuma yayyensa maza uku duk aikin coci suka kama. Shi ne autan maza a gidan. Mahaifin ya koya masa Latin, magatakardan cocin kuma ya ɗora shi a kan lissafi. Gidan ba na masu dukiya ba ne, amma littattafai ba su yi ƙaranci a cikinsa ba, ga kuma teku a kusa, tana dukan duwatsu dare da rana. Masu tarihinsa na ganin a nan ne sha'awar motsin ruwa ta shige shi, domin har ya tsufa idan ya je hutu gaɓar tekun Ayilan yakan tsaya yana lura da igiyoyin ruwa yana auna tazarar da ke tsakaninsu.

A 1832 aka kai shi makaranta a Dublin. Bayan shekara biyu mahaifinsa ya rasu, a 1835 kuma ya ƙetara zuwa Kwalejin Bristol a Ingila, inda ya yi karatun lissafi a hannun Francis Newman. Ya shiga Kwalejin Pembroke ta Jami'ar Kambirij a 1837. A wancan zamani jarrabawar lissafi ta Kambirij tamkar gasar dambe ce ga masu ilimin Ingila, ana jera sunayen ɗalibai daga na ɗaya har na ƙarshe, jaridu su buga, wanda ya zo na ɗaya kuma ya zama abin nuni da yatsa. Stokes ne ya zo na ɗaya a 1841. Nan take kwalejinsa ta ba shi kujera a cikin malamanta, da ɗaki da abinci da ɗan albashi, bisa sharaɗin da dokar lokacin ta gindaya cewa mai wannan kujera ba ya aure.

Malaminsa William Hopkins ne ya ba shi shawarar ya dubi ilimin motsin ruwa, fannin da Turawan Ingila suka yi wa riƙon sakainar kashi a lokacin. Cikin shekara goma ya yi aikin da ya ishi mutum suna ko da bai ƙara komai ba. A 1845 ya fitar da lissafin da ke bayyana yadda ruwa da iska ke gudana idan aka yi la'akari da kaurinsu, wato abin da ya sa zuma ke tafiya a hankali ruwa kuma ke zuba da sauri. Wani Bafaranshe mai suna Navier ya riga shi isa ga irin wannan lissafi ta wata hanya a 1822, shi ya sa ake haɗa sunayensu biyu a kansa. Da shi ake hasashen yanayi, da shi ake tsara fukafukan jirgin sama da bututun mai. Har yanzu akwai wata tambaya a cikinsa da ta gagari masana, wadda wata cibiyar lissafi ta Amurka ta sa wa ladan dala miliyan ɗaya a shekarar 2000.

A 1851 aka buga bincikensa kan yadda iska ke rage saurin lilon agogo. Daga cikin wannan aiki ne dokar da ke ɗauke da sunansa ta fito, wadda ke faɗin saurin da ƙaramin abu zai faɗi da shi a cikin iska ko ruwa. Gwargwadon ƙanƙantar abu, gwargwadon jinkirin faɗuwarsa. Da wannan ya bayyana dalilin da ya sa girgije ke rataye a sama alhali ruwa ne, kuma dokar ce dai ke bayyana yadda ƙurar hunturu ke yin kwanaki a sararin samaniya ba ta kwanta ba.

Kafin wannan lokaci, a 1849, an riga an naɗa shi kujerar farfesan lissafi ta Lucas, kujerar da Isaac Newton ya taɓa zama a kanta. Yana da shekara 30. Kujerar tana da girma amma aljihunta babu nauyi, har sai da ya riƙa zuwa Landan yana koyarwa a makarantar haƙar ma'adinai ta gwamnati domin ya cike giɓin albashi.

Batun ƙyallin da ya sa ake tuna shi a tarukan yau ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai kafin a haife shi. A 1565 wani likita ɗan Sifen, Nicolás Monardes, ya rubuta labarin wani icce da ake kawowa daga Meziko don maganin ciwon ƙoda, wanda idan aka jiƙa shi ruwan kan ɗauki wani shuɗi mai ban sha'awa. A 1833 David Brewster na Sikotlan ya ga ruwan ganye, wanda kore ne, yana fitar da jan haske idan hasken rana ya ratsa shi. Sai a 1845 John Herschel, masanin taurari, ya lura da wani abu game da kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro da ake samu daga ɓawon wani icce na Kudancin Amurka. Idan aka narka kwinin a ruwa mai ɗan tsami, ruwan garau yake kamar na sha. Amma idan aka kai shi ga hasken rana aka dube shi ta gefe, sai a ga wani shuɗi mai kyau kwance a fuskar da hasken ya fara taɓawa. Herschel ya kuma lura cewa hasken da ya riga ya ratsa kwalba ɗaya ta ruwan kwinin, idan ya shiga ta biyu ba ya sake tayar da shuɗin, alhali a ido babu abin da ya ragu daga gare shi. Ya rubuta abin da ya gani, ya ba shi suna, ya bar shi a nan.

Abin da ya hana manyan masana irin waɗannan fahimtar lamarin shi ne wata aƙida da suka gada daga Newton. An san cewa farin hasken rana haɗakar launuka ne. Idan aka ratsa da shi ta gilashi mai kusurwa uku, sai ya warwatsu ya zama launukan bakan gizo, ja a wannan gefe, shunayya a wancan. An kuma yarda, yarda irin ta fitowar rana daga gabas, cewa kowane launi yana nan a yadda Allah ya yi shi. Abu na iya haɗiye launi, yana iya mayar da shi, amma ba ya juya wannan launi ya koma wancan. Saboda haka duk wanda ya ga shuɗi a ruwan kwinin sai ya ɗauka shuɗin da ke cikin hasken rana ne ruwan ya watso.

Stokes ya maimaita gwajin Herschel, ya tsaya a kan batun kwalba ta biyu. Idan hasken ya fito daga kwalba ta farko ba tare da ido ya ga ya rasa komai ba, amma kuma ya rasa ikon tayar da shuɗi, to lallai abin da ya rasa abu ne da ido ba ya gani tun farko. Kuma an san akwai irin wannan haske. Tun 1801 wani Bajamushe, Johann Ritter, ya nuna cewa a bayan launin shunayya, inda ido ke ganin duhu, akwai wani haske da ke baƙanta sinadarin azurfa. Sai Stokes ya tambayi kansa ko kwinin na haɗiye wannan ɓoyayyen haske ne ya mayar da shi shuɗi. Amsa wannan tambaya da e na nufin cewa launin haske yana sauyawa, wato magajin kujerar Newton zai ce Newton bai faɗi duka ba.

Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba. Ya rufe tagogin ɗakinsa, ya bar 'yar kafa a jikin murfin taga don hasken rana ya shigo, ya jera gilasai masu kusurwa uku har hasken ya baje ya zama bakan gizo. Sai ya ɗauki siririyar kwalba mai ruwan kwinin ya riƙa tafiya da ita a hankali cikin launukan. A cikin ja, ruwan bai nuna komai ba. A ruwan ɗorawa da kore ma haka, kamar ruwan rijiya. Da ya kusa ƙarshen shunayya sai wani shuɗi ya fara bayyana. Ya ci gaba da tura kwalbar har ta wuce iyakar abin da ido ke gani, ta shiga inda babu komai sai duhu, sai ga ruwan ya kama haske gaba ɗaya, shuɗi mai sanyi, kamar an kunna fitila a cikinsa. Mutumin da bai saba nuna motsin zuciya a rubutu ba, a wannan wuri sai da alƙalaminsa ya nuna abin ya girgiza shi.

Bai tsaya a kwinin ba. Ya gwada ruwan ganye, da ɓawon itatuwa, da kurkum, da gilashin da aka haɗa da sinadarin yuraniyam, da tarin wasu abubuwa, har ya gane cewa wannan hali ya yaɗu a cikin halittu fiye da yadda kowa ke zato. Ya kuma gano cewa gilashi na tare kaso mai yawa na ɓoyayyen hasken, don haka ya koma amfani da farin dutsen nan garai-garai da ake kira kwaz. A watan Mayun 1852 ya miƙa wa ƙungiyar Royal Society ta Landan, uwar ƙungiyoyin masana kimiyya na Ingila, rahoto mai shafi ɗari. A cikin wani ɗan ƙaramin bayani na ƙasan shafi ne ya ce sunan da ake amfani da shi bai gamsar da shi ba, ya ba da shawarar sabon suna daga dutsen fuluspa, wanda wasu nau'o'insa ke yin irin wannan ƙyalli. Kalmar da ke rubuce a allunan tarukan duniya a yau daga gindin shafi ta taso.

Babban abin da ya fitar shi ne wata ƙa'ida: hasken da abu ke mayarwa yakan karkata zuwa ɓangaren ja idan aka kwatanta shi da wanda ya haɗiya. Ɓoyayyen haske ya shiga, shuɗi ya fito. Shuɗi ya shiga, kore ko ja ya fito. Stokes ya ga haka a gwaji bayan gwaji, amma ainihin dalilin bai samu a zamaninsa ba. Sai a 1905, shekara biyu bayan rasuwarsa, Albert Einstein ya ware wani sashe na shahararriyar maƙalarsa kan haske ya yi bayanin ƙa'idar. Haske yana zuwa ne ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da nauyin ƙarfinsa gwargwadon launinsa, na ɓangaren shunayya ya fi na ɓangaren ja. Ƙwayar sinadarin da ta karɓi ƙulli ba za ta iya mayar da fiye da abin da ta karɓa ba, hasali ma takan rage wani abu ya tafi a matsayin zafi. Halinta halin dillali ne, kaya ba sa wucewa ta hannunsa sai ya cire la'adarsa.

Wannan 'yar la'ada ita ce jarin fannin gaba ɗaya. Tunda launin da ya fito daban yake da wanda ya shiga, ana iya sa gilashin da zai tare na shiga ya bar na fita kaɗai ya iso ido. Abin da ake nema sai ya haskaka shi kaɗai a cikin baƙin fili, kamar fitila guda a daji cikin dare. Abin da ya yi ƙanƙantar da ba za a gan shi da rana ba, ta haka ake kama shi. Stokes da kansa ya hango hakan, domin a 1864 ya yi wa masana sinadarai na Landan lacca kan yadda za a yi amfani da irin waɗannan halaye na haske wajen gane sinadarai da bambance su.

Binciken ya kawo masa lambar yabo ta Rumford a 1852. A shekarar ce kuma ya tsaya gaban taron shekara-shekara na ƙungiyar bunƙasa kimiyya ta Birtaniya a birnin Belfast ya yi bayaninsa, a farkon 1853 kuma ya nuna gwaje-gwajen a zauren Royal Institution na Landan, gidan Michael Faraday. Ana iya cewa waɗannan ne kakannin tarukan da ake yi yau. Bai rasa mai ja da shi ba: Edmond Becquerel na Faransa ya yi ƙorafin cewa shi ya riga ya ga irin wannan sauyi a wani sinadari shekara goma kafin nan, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, sai dai Stokes ne ya tattara abin ya mayar da shi ƙa'ida. Shi kuwa kwinin, a daidai wannan lokaci yana can yana wani aikin dabam: a 1854 William Baikie ya shigo kogin Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya koma ba tare da zazzaɓi ya kashe masa ko mutum ɗaya ba, abin da ya sauƙaƙa wa Turawa shigowa ƙasashen da a da sauro ke tsare musu hanya.

A wannan shekara ta 1854 ne rayuwar Stokes ta juya. An zaɓe shi sakataren Royal Society, yana da shekara 35, a tsakiyar ƙarfinsa. Ya riƙe muƙamin shekara 31.

Duk ma'aikacin da ya san nauyin fayil zai gane abin da wannan ke nufi. Ƙungiyar ce ke buga Philosophical Transactions, mujallar kimiyya da ake bugawa tun 1665, kuma maƙalun lissafi da kimiyyar zahiri ta teburinsa suke bi. Yakan karanta, ya sake lissafin da hannunsa, ya nemo masanin da zai tantance, ya rubuta wa marubucin doguwar wasiƙa yana nuna masa inda ya kauce da yadda zai gyara, sannan ya bi aikin har maɗaba'a yana duba kurakuran bugu. Sau da yawa gyaran da ya bayar ya fi maƙalar daraja, amma sunan mai maƙala ne ke fita. William Crookes, wanda ya yi suna da gwaje-gwajensa a cikin kwalaben da aka zuƙe wa iska, yana cikin waɗanda suka amsa cewa sun jingina da shi shekara da shekaru. Rubutun hannunsa ya yi muni har ya zama cikin mutanen farko da suka rungumi keken rubutu a Kambirij. Ɗakin karatunsa kuwa takardu sun cinye shi, idan teburi ya cika sai a shigo da wani.

Abokansa ba su ji daɗin haka ba. William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, sun yi musayar wasiƙu sama da ɗari shida da shi cikin fiye da shekara hamsin, kuma ya sha kukan cewa ana ɓarnatar da ƙwaƙwalwar da babu irinta a kan aikin da wani zai iya yi. Lord Rayleigh ma, da ya zo rubuta tarihinsa bayan rasuwarsa, ya nuna yadda sabbin bincikensa suka ragu daga lokacin da ya karɓi aikin. Manyan littattafan da aka sa rai zai rubuta bai rubuta su ba. Gaskiya ne an yi asara. Sai dai maganar cewa wani zai iya aikin tana da rauni, domin ingancin abin da Ingila ta buga a kimiyya cikin waɗannan shekaru talatin ya rataya ne ƙwarai a kan cewa akwai mutum guda da ke karanta komai, wanda kuma ba a iya wuce shi da lissafin bogi.

Duk da haka bai bar gwaji gaba ɗaya ba. A 1862 ya nuna cewa tartsatsin lantarki na ɗauke da ɓoyayyen haske mai nisa fiye da na rana. A 1864 ya gano cewa sinadarin da ke ba jini launinsa yana da hali biyu, ɗaya idan ya ɗauki iskar shaƙa, ɗaya idan ya sauke ta, kuma kowanne da irin hasken da yake haɗiya. 'Yar na'urar da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa a asibiti don auna iskar jininsa a kan wannan bambanci take aiki. Bayan gadar kogin Tay ta Sikotlan ta rufta da jirgin ƙasa cikin guguwa a ƙarshen 1879, yana cikin waɗanda gwamnati ta nema su auna ƙarfin da iska ke yi wa gine-gine.

Halinsa game da suna abin a tsaya a duba ne. Akwai wata shahararriyar ƙa'idar lissafi da ɗaliban injiniya a duk duniya ke kira da sunansa, alhali Thomson ne ya aiko masa da ita a wasiƙa a 1850. Abin da Stokes ya yi shi ne sa ta a cikin tambayoyin jarrabawa a 1854, jarrabawar da James Clerk Maxwell ya zauna, daga nan sunan ya manne. A ɗaya ɓangaren kuma, lokacin da Bajamushe Gustav Kirchhoff ya nuna a 1859 yadda za a gane sinadaran da ke cikin rana ta hanyar duba haskenta, Thomson ya tashi haiƙan yana shelar cewa Stokes ya koya masa tushen wannan tun shekaru da dama kafin nan. Da Stokes ya yi shiru kawai, da rabin yabon ya zo masa. Sai ya fito ya bayyana cewa akwai wani muhimmin mataki da shi bai kai gare shi ba, abokansa sun yi masa zuzutawa, haƙƙin na Kirchhoff ne.

Ya yi aure a 1857, ya auri Mary Susanna Robinson, 'yar masanin taurarin da ke shugabantar ɗakin duban taurari na Armagh. Neman auren ma ta wasiƙa ya yi yawancinsa, ɗaya daga cikin wasiƙun ta kai shafi 55, kuma yawan zancen aiki da lissafi a cikinsu ya kusa sa amaryar ta fasa. Auren ya raba shi da kujerarsa ta Pembroke, sai bayan an sauya doka aka mayar masa da ita. Sun haifi 'ya'ya biyar. Biyu sun rasu suna jarirai, ɗansu William kuma, wanda likita ne, ya rasu a 1893. Stokes mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, ya shugabanci wata ƙungiya mai nazarin alaƙar addini da kimiyya tun daga 1886, ya kuma gabatar da laccoci a kan batun a Edinburgh.

Girma ya zo masa a jere a ƙarshen rayuwa. Ya zama shugaban Royal Society daga 1885 zuwa 1890, ya wakilci jami'arsa a majalisar dokokin Birtaniya daga 1887 zuwa 1892, Sarauniya Victoria ta ba shi sarautar baronet a 1889. Newton ma ya riƙe kujerar Lucas da shugabancin ƙungiyar da wakilcin jami'a, amma bai taɓa haɗa duka ukun a lokaci guda ba, Stokes kuwa ya haɗa su. A majalisa ya zauna tare da masu ra'ayin riƙau, yana adawa da ba Ayilan 'yancin cin gashin kai, kamar yawancin mutanen gidan da ya fito. Ya kasance mai halartar zama a kai a kai, amma da wuya a ji muryarsa. A kimiyya ma yana da nasa riƙau ɗin: ya rayu ya mutu yana ganin cewa akwai wani siririn abu da ya cika sararin samaniya wanda haske ke tafiya a cikinsa, ra'ayin da masana suka yi watsi da shi ba da daɗewa ba bayan shi.

A watan Yunin 1899 jami'o'in Turai da Amurka suka turo wakilai Kambirij don bikin cikarsa shekara 50 a kujerar Lucas. Matarsa ta rasu a ƙarshen wannan shekara. A Agustan 1902 kwalejin da ta karɓe shi yana saurayi ta zaɓe shi shugabanta, bai kuma yi wata shida a kai ba ya rasu, ranar 1 ga Fabrairu, 1903, yana da shekara 83. An binne shi a maƙabartar Mill Road ta Kambirij, aka kuma kafa alamar tunawa da shi a cocin Westminster na Landan.

Abin da ya bari ya ci gaba da haihuwa. Tun yana raye, a 1871, Adolf von Baeyer ya haɗa wani rini mai ƙyallin kore, wanda a 1877 aka zuba a kogin Danube inda ruwansa ke nutsewa cikin ƙasa, bayan kwana biyu da rabi koren ya ɓullo a wata maɓuɓɓuga da ke kwarara zuwa kogin Rhine. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya an ƙera madubin likita mai aiki da wannan ƙyalli. A 1941 Albert Coons na Amurka ya liƙa rini mai ƙyalli a jikin sojojin garkuwar jiki don su nuna inda ƙwayar cuta ta ɓuya. A 1962 Osamu Shimomura na Japan ya ciro wani sinadari mai ƙyallin kore daga wata halittar teku, aikin da ya kai shi da wasu mutum biyu ga kyautar Nobel a 2008, a 2014 kuma wasu uku suka karɓi kyautar saboda madubin da ke iya hango abin da a da aka ce haske ba zai taɓa nunawa ba. Gwajin korona da aka yi wa miliyoyin mutane, ƙyallin rini ne na'urar ke karantawa kafin ta ce akwai cuta ko babu.

A watan Satumban 2019 masana daga ƙasashe da dama suka hallara a Kwalejin Pembroke don cikarsa shekara 200 da haihuwa, masu ilimin ruwa da masu ilimin haske da masu lissafi, kowane rukuni na ɗaukarsa nasu. A ɗakunan gwajin da suka fito kuwa, idan mai bincike ya haɗa sabon rini yana son sanin ƙarfin ƙyallinsa, ɗaya daga cikin ma'aunan da ake gwada shi da su har yau shi ne kwinin da aka narka a ruwa mai tsami.